Awon Filin Alwatika da Gindi da Tsayi

Cikin darussan Lissafi da a ke sa mu koyar da yara akwai wani wanda ba ya cin layi biyu a kan allo, amma amfaninsa ya kan kai har gaban alƙali. Shi ne awon girman fili mai kusurwa uku, wanda a ke kira alwatika. Yara da yawa su kan haddace ƙa'idarsa, su ce gindi sau tsayi a raba biyu, har su ci jarrabawa da ita. Amma in an kai su bakin gona an miƙa musu igiya, sai ido ya raina fata, don ba su san inda tsayin ya ke ba, balle dalilin da ya sa a ke rabawa biyu. Laifin kuwa mafi yawansa na mai koyarwa ne, wanda ya ba su ƙa'ida bai ba su hujjarta ba.

A ƙasar Yauri wannan darasi ba na wasa ba ne. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, tabki ya cinye tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000 a ƙasashen Yauri da Borgu aka sake musu mazauni, cikinsu har da Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa. Kowace shekara ruwan tabkin ya kan cika, sa'an nan ya ja da baya, ya bar ƙasa mai laima wadda kowa ke so. Irin wannan fili, ko a Wara, ko a Zamare, ko a gaɓar Kwara wajen Shanga, ba ya zuwa a miƙe kamar tabarma. Ruwa ya yanke shi nan, hanya ta yanke shi can, iyakar maƙwabci ta shigo a karkace. Duk wanda zai saya, ko ya yi haya, ko ya karɓi jingina, ko ya raba gado, lalle ne ya san girman abin da a ke magana a kai. Mabuɗin wannan sani kuwa alwatika ce, gama ba wani fili mai miƙaƙƙun iyakoki da ba za a iya yanka shi alwatika alwatika ba.

Bambancin tsawo da girman fili

Igiya tsawo kaɗai ta ke aunawa. Fili kuwa da murabba'i a ke auna shi. A zana murabba'i a ƙasa, kowane gefensa mita ɗaya. Shi ne murabba'in mita ɗaya. In aka ce mene ne girman gona, abin da a ke tambaya shi ne, irin wannan murabba'i guda nawa za a shimfiɗa su rufe ta kaf, ba rara ba giɓi.

A ce ga fangalin albasa mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, kusurwoyinsa huɗu duka a daidaice, irin siffar da a ke kira murabba'i mai dari. In an ja masa layuka mita mita, za a ga jeri 4, kowane jeri da murabba'i 6, duka 24 ke nan. Daga nan ƙa'idar farko ta fito, watau tsawo sau faɗi. Ya kamata yaro ya ƙirga su da yatsansa tukuna, kāna a gaya masa ƙa'idar.

Kada kuma a rikita girman fili da kewayensa. Wancan fangali darnin mita 20 zai kewaye shi. Wani fangalin mai tsawon mita 9 da faɗin mita 1, shi ma darnin mita 20 zai kewaye shi, amma cikinsa murabba'i 9 ne kawai. Darni ɗaya, amma albasar da ɗayan zai ɗauka ta fi ninki biyu na ta ɗan'uwansa.

Kafin Nijeriya ta koma awon mita cikin shekarun 1970, da yadi da ƙafa da inci a ke wannan lissafi, babban ma'aunin gona kuwa eka ce. Eka ɗaya murabba'in yadi 4,840 ce, watau fili mai tsawon yadi 220 da faɗin yadi 22. Sarƙar da masu awon ƙasa su ke ja a lokacin tsawonta yadi 22 ne daidai. A awon mita eka ɗaya ta kai wajen murabba'in mita 4,047. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Ko da wane ma'auni aka yi aiki ƙa'ida ba ta sākewa, muddin ba a gauraya yadi da mita cikin lissafi ɗaya ba.

Gindi da tsayi

Alwatika tana da gefe uku da kusurwa uku. Ko wane gefe muka ga dama muna iya ɗaukarsa mu kira shi gindi. Da zarar mun zaɓi gindi, kusurwar da ke fuskantarsa ita ce ƙololuwa. Tsayi kuwa shi ne layin da ya taso daga ƙololuwa ya sauka a kan gindi a tsaye cak, bai karkata dama ko hagu ba, kamar yadda igiyar magini mai dalma a baki ta ke sauka ƙasa. Kusurwar da ya ke yi da gindi ita ce kusurwa tsayayya, mai digiri 90, irin wadda ke tsakanin bango da daɓe.

Abu biyu ya kamata a riƙe nan. Na farko, gefen alwatika da ya hau a karkace ba shi ne tsayi ba. Mai auna tsayin rumbu ba ya auna tsanin da aka jingina masa, don tsani kullum ya fi rumbun tsawo, in an ƙara janye ƙafarsa kuwa sai an nemo wanda ya fi shi. Na biyu, tun da gefe uku ne, gindi uku ke nan, kowane da nasa tsayi. Ba a haɗa gindin wannan da tsayin wancan.

Dalilin da ya sa a ke raba biyu

Muna roƙon mai karatu ya ɗauki takarda ya zana abin da za mu faɗa, gama gani ya kori ji.

Mu fara da mai sauƙi. A sami takarda mai tsawon santimita 12 da faɗin santimita 8. Girmanta murabba'in santimita 96 ne. A yanka ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. An sami alwatika biyu, kowace tana da kusurwa tsayayya. In an juya ɗaya an aza a kan 'yar'uwarta, za su hau juna daidai wa daida. Ashe kowace rabin 96 ce, watau 48. Gindinta 12, tsayinta 8, kuma 12 sau 8 a raba biyu 48 ne. A irin wannan alwatika kaɗai gefe ya ke zama tsayi, don shi da kansa a tsaye ya ke bisa gindi.

Na biyu, alwatikar da ƙololuwarta ke bisa gindi, ba a kan ɗaya daga bakunansa ba. Mu kira bakunan gindi A da B, ƙololuwa C, wurin da tsayi ya sauka D. A ce AB 14 ne, CD 12, kuma D ya raba gindi, AD 5, DB 9. Layin CD ya tsaga alwatikar gida biyu, kowane gida irin na farkon nan ne mai kusurwa tsayayya. Na hagu rabin 5 sau 12 ne, watau 30. Na dama rabin 9 sau 12 ne, watau 54. A tara, 84. In kuwa an ɗauki gindin dungum, 14 sau 12 ya ba da 168, rabinsa 84. Lissafi ya zo ɗaya.

Na uku ita ce wadda ta fi rikita yara, watau alwatikar da ta kishingiɗa har ƙololuwarta ta wuce bakin gindi. Nan tsayi ba zai sauka cikin alwatika ba. Sai an ja layin gindi gaba, sa'an nan ya sauka a waje. A ce gindi AB 30 ne, an ja shi gaba daga B da 10 zuwa D, inda tsayi CD ya sauka, tsayin kuwa 24. Babbar alwatika ADC tana da kusurwa tsayayya a D, gindinta 40, girmanta 480. Ƙaramar da ke waje, BDC, gindinta 10, girmanta 120. A ɗebe 120 daga 480, saura 360. To, 30 sau 24 a raba biyu, 360 ne. A lura, ƙarin 10 ɗin nan don neman tsayi kaɗai aka yi shi, ba ya shiga cikin gindi.

Ba wata alwatika da ta fita daga waɗannan uku. Saboda haka ƙa'ida ta tabbata ga dukansu: girman alwatika rabin gindi sau tsayi ne.

Wani abin mamaki ya biyo bayan wannan. A kafa turke biyu a ƙasa su zama gindi, a ja wani layi can gaba wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindin, ba ya kusantarsa ba ya nisantarsa. Duk inda aka kafa turke na uku a kan wannan layi, alwatikar da ta fito girmanta ɗaya ne, ko ta tsaya kyam ko ta miƙe siririya kamar mashi, domin gindi bai sāke ba, tsayi bai sāke ba. Ido zai musa, amma lissafi ya fi ido gaskiya a nan.

Yadda a ke samun tsayi a gona

A kan takarda samun tsayi ba wuya. A gona kuwa ba wanda ya ja mana shi, sai mun nemo. Da fari a zaɓi gefen da ya fi tsawo a mai da shi gindi, don tsayinsa kullum cikin fili ya ke sauka, ba sai an shiga gonar maƙwabci ko cikin ruwa ba. A kafa sanda a kowace kusurwa, a ja igiya a kan gindi ta miƙe sosai.

In filin ƙarami ne, a ɗaure wata igiya a sandar ƙololuwa, a ja ta har ta ɗan wuce gindi, a zagaya da bakinta kamar mai zana da'irar ɗaki. Za ta ƙetare layin gindi a wuri biyu. A sa alama a wuraren nan, a nemi tsakiyarsu. Nan ne tsayi ya ke sauka. A auna daga nan zuwa ƙololuwa.

In filin babba ne, a sami igiya mai mita 12, a yi ƙulli a mita 3, a yi wani a mita 7, a haɗa bakunanta biyu. In mutum uku suka riƙe ƙullin nan biyu da mahaɗin suka ja, za a sami alwatika mai gefe 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 kuwa tsayayya ce. Dalili, 3 sau 3 da 4 sau 4 in an tara su 25 ne, daidai da 5 sau 5. A kwantar da gefen 3 bisa layin gindi, a yi ta matsawa da shi har gefen 4 ya nufi sandar ƙololuwa sak in an duba ta kansa. Nan ne ƙafar tsayi.

A yi hattara da abu uku. Igiya ta kan sāke tsawo in ta jiƙe ko ta sha ja, don haka a gwada ta da ma'auni kafin a fara. In ƙasa gangare ce, a riƙe igiya a kwance daidai, a auna gaɓa gaɓa, kada a bi gangaren. In kuma da ƙafa za a auna, mai awo ya fara sanin takunsa: ya auna mita 100, ya taka, ya ƙirga, ya maimaita har sau uku. A farkon mulkin Turawa, a ƙasar Kano da Katsina, da ƙafa a ke auna gonaki don yanka haraji, har a kan kira masu aikin malaman taki. Ke nan abin da talaka zai biya yana rataye ga ƙafar malam da lissafinsa.

Ɓarnar awon gefe

Mu koma ga alwatikar nan mai gindi 14 da tsayi 12. Sauran gefunanta biyu 13 ne da 15. Mu mai da ita gona, mu ninka kome sau goma: gindi mita 140, gefuna mita 130 da 150, tsayi mita 120. Girmanta na gaskiya 140 sau 120 a raba biyu, watau murabba'in mita 8,400, eka biyu da 'yan kai. Mai gaggawa, wanda ya ƙi wahalar neman tsayi, ya bi iyaka ya auna gefen 150 ya sa shi a madadinsa, zai sami 10,500. Ya ƙara 2,100 da babu su a ƙasa, rubu'in gonar ke nan. Mai haya zai biya kuɗin biyar a wurin huɗu, mai sayen iri da takin zamani zai sayi abin da ba wurin zuba shi. Kuskuren kuwa gefe ɗaya ya ke faɗuwa kullum, don gefen da ya karkace ba ya taɓa gaza tsayi. Har abada mai biya ne ke cutuwa.

Hanyar bincika aiki ita ce a sāke gindi. In an ɗauki gefen 150 ya zama gindi, tsayinsa zai fito mita 112, kuma 150 sau 112 a raba biyu 8,400 ne. In awo biyu suka yi nisa da juna, akwai kuskure, sai a koma.

Ƙa'idar kuma tana aiki da baya. In an san girma da gindi, a ninka girman sau biyu, a raba da gindi, tsayi zai fito. Misali, 8,400 sau biyu 16,800 ne, a raba da 140, a sami 120.

Gona mai kusurwa da yawa

Akwai wata hanya da mutane su ke bi ga gona mai gefe huɗu: su tara gefuna biyu masu fuskantar juna su raba biyu, su yi haka ga sauran biyun, sa'an nan su ninka. Wannan ba ta fita daidai sai in kusurwoyin duka tsayayyu ne. In ba haka ba, kullum ta kan ba da fiye da gaskiya. Mai shakka ya ɗaure karan dawa huɗu ya yi murabba'i, ya tura shi ta kusurwa ɗaya. Zai kishingiɗa, filin cikinsa ya yi ta raguwa har ya kusa ƙarewa, alhali karan ba wanda ya gajarta. Ya gwada da kara uku kuwa, ba za su motsa ba. Shi ya sa masu awon ƙasa su ke dogara ga alwatika, shi ya sa kuma kafinta ya ke gicciya katako cikin jinka.

Hanyar gaskiya ita ce a ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, gona ta zama alwatika biyu masu gindi ɗaya. A ce igiyar mita 90 ce, tsayin ta dama mita 40, na ta hagu mita 26. Ta dama 1,800, ta hagu 1,170, jimla murabba'in mita 2,970. Mai son gajerar hanya ya tara 40 da 26 ya sami 66, ya ninka da 90, ya raba biyu, zai sami 2,970 ɗin dai. Gona mai gefe biyar alwatika uku ta ke bayarwa, mai gefe shida huɗu. Kullum a ɗebe biyu daga yawan gefuna. In iyaka ta bi bakin ruwa tana lanƙwasa, a kafa sanduna kusa kusa a wuraren da ta juya, a ɗauki tsakanin kowane biyu tamkar miƙaƙƙen layi. Gwargwadon yawan sanduna, gwargwadon kusantar gaskiya.

Rabon gado

Ga inda darasin ya fi amfani. A ce mutum ya rasu ya bar gona alwatika, gindinta mita 150 a miƙe a bakin ruwa, tsayinta mita 80 zuwa tudu, girmanta murabba'in mita 6,000. Magadansa 'ya'ya maza biyu ne da mace ɗaya, ba wani mai rabo sai su. Bisa shari'a rabon namiji ninki biyu ne na rabon mace, kashi biyar ke nan. A raba gindi biyar, kowane kashi mita 30. A ba kowane namiji mita 60, mace mita 30, a ja iyakoki daga alamomin nan zuwa ƙololuwa. Tun da tsayinsu duka ɗaya ne, girma zai bi gindi: 2,400 da 2,400 da 1,200. Ga shi kuma kowa ya sami bakin ruwa, abin da ya fi kome daraja ga mai noman rani.

Dubi kuma abin da zai faru in 'yan'uwa biyu masu rabo ɗaya suka ce za su raba wannan gona a gicciye, suka auna rabin tsayi, mita 40, suka ja layi. Yankin sama alwatika ce mai gindi 75 da tsayi 40, watau 1,500. Yankin ƙasa 4,500. Ɗaya ya tashi da rubu'i, ɗaya da rubu'i uku har da ruwan duka, alhali suna tsammani sun yi adalci. In lalle a gicciye za a raba daidai, sai a ja layin wajen mita 56 da rabi daga ƙololuwa.

Amma fa lissafi girma kaɗai ya ke faɗa. Bai san inda ƙasa ta fi kyau ba, ko inda mangwaro ya ke tsaye, ko wahalar noma tsinin da ya matse wajen ƙololuwa. Wannan aikin alƙali ne da dattawa. Namu shi ne mu ba su awo na gaskiya su yi hukunci a kai.

Asalin wannan ilmi

Hirodotus, marubucin tarihi na Yunanawa, ya ba da labari cewa a Masar aka fara ilmin awon ƙasa, don kogin Nilu ya kan ci gonaki, sai a aiko masu awo su ga abin da ya ragu a rage wa mai gona haraji. Mutumin Yauri ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Akwai wata tsohuwar takarda ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ke ajiye a gidan kayan tarihi na Landan. Cikinta akwai tambaya a kan fili alwatika mai gindi 4 da tsawo 10. Ya ɗauki rabin 4 ya ninka da 10, ya sami 20.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariya, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya kafa hujjar abin cikin kashin farko na littafinsa. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. Wajen shekara 820 kuma, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na Aljabara, ya sa babin awon fili a ciki, inda ya yi aiki da alwatikar nan tamu mai gefe 13 da 14 da 15, ya fitar da tsayi 12 da girma 84. Ashe ɗan makarantar allo da ya zauna koyon wannan darasi bai shiga gonar wani ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da a ke jingina wa Hiron na Iskandariya, ta samun girma daga gefuna uku ba tare da tsayi ba. A tara gefuna a raba biyu, a nan 21. A ɗebe kowane gefe daga 21, a sami 8 da 7 da 6. A ninka 21 da 8 da 7 da 6, a sami 7,056. Lambar da in an ninka ta da kanta ta ke ba da wannan ita ce 84. Tana da amfani inda ruwa ko ƙaya suka hana a ratsa tsakiyar gona, amma ta fi ƙarfin ƙananan azuzuwa.

Shawara ga masu koyarwa

Muna ganin ya fi kyau a bi wannan jeri: ƙirga murabba'ai a ƙasa, yankan takarda, karan dawa, sa'an nan ƙa'ida, daga baya a fita fili da igiya da sanduna. A riƙa juya alwatika a kan allo, wani lokaci gindi a sama, wani lokaci a gefe, don kada yaro ya zaci gindi shi ne abin da ke ƙasa kullum. A riƙa ba su tambaya mai lambar da ba a bukata, kamar tsawon gefe, a ga wanda zai faɗa rami. Kada kuma a karɓi amsa sai an rubuta murabba'in mita a bayanta. Ga tambayoyi biyar na gwaji.

1. Fangali alwatika, gindinsa mita 18, tsayinsa mita 7. Mene ne girmansa?
2. Ɗakin kwano faɗinsa mita 9, tsinin jinkarsa ya ɗara kan bango da mita 2. Allo nawa zai rufe fuskokin jinkar biyu?
3. Gona alwatika girmanta murabba'in mita 3,600, gindinta mita 120. Nawa ne tsayinta?
4. Gona mai gefe huɗu, igiyar da ta ratsa ta mita 110, tsayin alwatikunta mita 48 da 32. Ta kai eka ɗaya?
5. Gona alwatika, gindi mita 90, tsayi mita 70, magada namiji ɗaya da mace ɗaya. Ina za a sa alama a gindi, nawa kuma kowa zai samu?

Amsoshi: ta farko murabba'in mita 63. Ta biyu 18. Ta uku mita 60. Ta huɗu 4,400, ta ɗara eka da wajen 353. Ta biyar, a sa alama a mita 60. Namiji 2,100, mace 1,050.

Muna fata 'yan'uwanmu da za su fita koyarwa, musamman waɗanda za a kai makarantun bakin kogi, za su gwada wannan hanya su aiko da labarin yadda ta kasance, malamanmu kuma su gyara mana inda bayani ya gaza. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.